Kogin Aras da hanyar Maraɗi

Duk wanda ya ce maka Iran ta Farisawa ce zalla, bai hauro arewa maso yamma ba. A nan Ardabil inda nake zaune, Farisanci na aji ne da ofis. Mai burodi da direban tasi da dattijon da ke sayar da zuma, harshen Azeri suke yi, wanda su da bakinsu suke kira Turki.

Garin yana kusa da gindin Sabalan, tsohon dutse mai aman wuta da tsawonsa ya kai mita 4,811, da tafki a ƙololuwarsa wanda ke daskare mafi yawan shekara. Sanyin nan ba a ba yaro labarinsa. Shi ya sa shayi ba ya sauka daga wuta, kuma ba a zuba masa sukari: ƙwara ɗaya za ka danne a baki, ka riƙa kurɓa ta kanta.

Mutanen nan ba baƙi ba ne a tarihin ƙasar. Kabarin Shehu Safiyuddin, wanda ya rasu a 1334, yana tsakiyar gari. Daga zuriyarsa Shah Isma'il ya fito, ya ci Tabriz a 1501, ya kafa daular Safawiyya, ya mai da Shi'anci mazhabar hukuma. Waƙoƙinsa ma da wannan harshen ya yi su, harshen da yau ba a koyar da yara karatu da shi a firamare.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai iyaka ce. Bayan Rasha ta ci Iran da yaƙi, yarjejeniyar Gulistan ta 1813 da ta Turkmenchay ta 1828 suka tsaga al'umma ɗaya gida biyu, kogin Aras ya zama shinge: na arewa suka koma hannun Rasha, yankin da yau ake kira ƙasar Azarbaijan, na kudu suka tsaya a Iran. Akwai Julfa a can, akwai Jolfa a nan. Astara ma biyu ce. Makiyayan Shahseban, masu hawa Sabalan da tumaki in zafi ya shigo su kafa bukkokin ulu masu kama da kifaffen akushi, su gangara filin Mugan da hunturu, an wayi gari a ƙarshen ƙarni na 19 Rasha ta toshe musu mafi yawan makiyayar. Zamanin Tarayyar Sobiyet kuwa waya aka ja, har sai da mutanen Nakcivan, wani yanki na Azarbaijan da ke bakin Aras, suka tsinke ta da hannunsu a ƙarshen 1989.

Rubutu ma ya rabu. Na arewa sun bar baƙaƙen Larabci suka koma na boko a 1929, aka juya su zuwa na Rasha bayan shekara goma, suka dawo na boko a 1991. Na kudu suna nan kan na Larabci. Dangi ne, baki ɗaya, amma wasiƙar ɗan'uwa sai an nemo mai karantawa.

Mu ma Ingila da Faransa sun ja mana layi, sai dai namu bai ci zurfi haka ba. Bakatsine ya karya kumallo a gida, ya bi ta Jibiya, ya yi azahar a Maraɗi wajen gwaggonsa. Rediyo ɗaya muke saurare, kuma abin da aka buga a Kano ana karanta shi a Damagaram ba tafinta. A ganina mun raina wannan ne don ba mu sha wuyarsa ba. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, hirar da ta fi yawa ta farashin shinkafa ce da albasa, kamar su kaɗai ke ƙetarawa. Azarbaijan ta rufe iyakokinta na tudu ga matafiya a 2020 saboda korona, cutar ta wuce, aka yi shekaru ba a buɗe ba. Maƙwabcina da zai je biki Baku, babban birnin Azarbaijan, sai da ya nemi kuɗin jirgin sama.