Yadda na je neman sarauta na dawo da zabira

Duk matar da nake haya a gidanta a nan Ingila ce ta ja min wannan abu. Tsohuwar Baturiya ce, ta haura saba'in, ba ta da aiki sai binciken kakanninta. Tana cikin wata ƙungiya ta masu bin diddigin sunan dangi, kowa ya riƙe suna ɗaya ya yi ta tono duk wanda ya taɓa amsa shi a duniya. Ranar nan ta shimfiɗa min wata doguwar takarda a kan teburin kicin, wlh ta kusa kai tabarma, tana nuna min da yatsa wannan maƙeri ne, wannan ya mutu a jirgin ruwa, wannan ya auri mata biyu a ɓoye aka ɗaure shi (a raina nace Allah sarki, a garinmu da ko mai unguwa ba zai ji labari ba). Tace ai su tun 1837 gwamnati ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kafin nan kuma coci ke rubutawa. Sai ta juyo tace to kai naka fa?

Nace Bello. Kuma da jin 1837 ɗin nan gabana ya faɗi, don shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu kenan, ɗan Shehu Usmanu, mai Infaƙul Maisuri, wanda kabarinsa ke Wurno. Nace wannan ishara ce. Dama tun ina yaro mutane na cewa ina da dogon hanci.

Daren ban yi barci ba sai da na samo masu bin sunan Bello a intanet, na biya kuɗin rajista da kuɗin da na ware na cefanen sati, sannan na shiga guruf ɗin gidanmu na WhatsApp na rubuta cewa kowa ya shirya, bincike ya yi nisa, da alama jinin Sakkwato ne mu. Na ma tura wa ƙanena kuɗi nace ya je kasuwar Kurmi ya tayo min alkyabba. Bincike kuwa a lokacin ko layi ɗaya ban cike ba.

Ranar taron farko ta Zoom na ci babbar riga na kafa hula zanna, kamara na buɗewa sai ga fuskoki wajen goma sha biyu ba baƙi ko ɗaya. 'Yan Italiya, 'yan Sifaniya, wani daga Venezuela, wata daga Filifin. Kowa Bello. Wata tsohuwa 'yar Italiya tace a yarensu kalmar na nufin kyakkyawa, nace toh nan dai ba a yi ƙarya ba. Na Venezuela ya kwashe minti ashirin yana ba mu tarihin nasu babban, Andrés Bello, malami ne da aka haifa a Karakas a 1781 ya je ya shugabanci jami'a a Chile. Na ɗaga hannu nace namu ma 1781 aka haife shi. Aka yi tsit, sai tafi ya ɓarke, tsohuwar nan har da share hawaye wai dangi sun haɗu. Ni kaina na fara tunanin ko dai akwai wani abu.

Sai suka turo fom. Sunan uba, sunan kaka, rana da wata da shekarar haihuwa, da takardar shaida. Mahaifina ya rasu, Allah Ya jiƙansa, don haka na kira kakata Hajiya Babba a ƙauye ta wayar jikanta.

Tana ɗauka tace "angona ka tuna da ni, ko Baturiyar ce ta kore ka?" Nace Hajiya ba wasa na kira ba, sunan mijinki nake so. Shiru. Tace "Malam." Nace sunansa na yanka. Tace "marigayi dai." Nace to sunan babana cikakke yadda aka raɗa masa, tace "kai ɗan nan ba ka da kunya? ɗan farin nawa zan kama suna?" Wato mutum biyun da nake nema duk duniya su ne biyun da bakinta ba zai taɓa furtawa ba, katina yana ta ƙonewa daga Ingila. Da na tambayi ranar haihuwa tace "wancan yaron" dai shekarar da Sarauniya ta zo aka yi hawan daba a Kaduna aka same shi, ana tsakiyar sanyi. Wannan kam na gano 1956 ne. Malam kuma uwarsa ta ce bayan yunwar Kakalaba ne da kaɗan. Fom ɗin kuma ya ƙi karɓar komai sai lamba.

Goggo ce ta karɓi wayar, ƙanwar babana, ita ba ta da wannan alkunyar kuma ba ta taɓa raga wa kowa ba. Tace "wai kai ne ka ce mu 'yan Sakkwato ne?" Nace Goggo ai sunan ne ya nuna. Dariyar da ta yi sai da waya ta faɗi ƙasa na ji kaji suna watsewa. Tace Bello ba sunan kakanka ba ne. Lokacin da ake kamen yara a kai su boko, kakanka ya ɓoye babanka a rumbu, shi kuma ya tafi gona. Ɗan aiken hakimi ne ya zaƙulo shi ya ja shi har makaranta, malamin da ke rubuta suna ya ɗaga kai ya ga babba riƙe da hannun yaro, yace sunanka, mutumin yace Bello, shi kenan aka rubuta. Mutumin ma ba ɗan garinmu ba ne, daga baya ya koma can wajen Gombe ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Nace to kakan nawa wa ye? Tace Tanko wanzami, duk yaran garin nan shi ya yi musu shayi ya cire musu beli, kuma ubansa ma wanzami ne. "In gado kake nema zabirarsa tana nan rataye a ɗakin Hajiya, da askar da ƙahon duka, sai a aiko maka."

Kafin in ajiye waya labari ya riga ni isa guruf. Yanzu ba mai kirana sai da Yarima, in na yi sallama sai a jero min "ranka ya daɗe" guda talatin, ƙanena kuma ya turo hoton alkyabbar yace mai shago baya karɓar kaya in an saya. Matata tace in bari in an yi sanyi ta riƙa lulluɓa wa yara.

Su kuma 'yan ƙungiya na kasa gaya musu. Tsohuwar nan 'yar Italiya ta riga ta sa ni a takardarta, can gefe kusa da wani kawunta mai sayar da kifi, jiya ma ta turo saƙo tana tambaya ko zan zo taron dangi da bazara, wai in taho da rigar sarautar.