Duniya mai rana biyu: hoton zane ne, amma labarin gaskiya ne

Duk bayan 'yan watanni sai hoton nan ya sake zagayowa a Facebook da WhatsApp, ga wasu duwatsu jajaye, ga rana biyu suna faɗuwa gefe da gefe, a ƙasa an rubuta wai masana sun gano sabuwar duniya. Sai ka ga jama'a sun rabu biyu, wasu na cewa ƙaryar Turawa ce, wasu kuma har sun fara tambaya ko akwai mutane a can. Ni dai a ganina duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Hoton zane ne, wani ya zauna gaban kwamfuta ya ƙirƙira, amma duniyar tana nan, kuma yadda aka gano ta ya fi hoton daɗin ji nesa ba kusa ba.

Cikin irin waɗannan duniyoyi masu rana biyu, wadda aka fi sani ita ce Kepler-16b, da aka sanar da ita a Satumbar 2011, tawagar Laurance Doyle ce ta gano ta daga bayanan na'urar hangen nesa ta Kepler da hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2009. Nisanta, hasken da ya baro can sai ya yi sama da shekara 200 yana tafe kafin ya iso nan. Taurarin nata biyu, wato ranakun nata, duk ba su kai ranarmu ba, babban ya kai wajen kashi 69 cikin ɗari na nauyin rana, ƙaramin kuma wani ja ne mai kashi 20 kacal, suna zagaya juna duk kwana 41, ita kuma tana zagaye su duka biyun a kwana 229, kusan daidai da abin da Zara ke ɗauka kafin ta zagaye tamu ranar. Masu tambayar ko da mutane kuwa, su yi haƙuri, girmanta kamar na Zuhal ne, duniyar nan mai zobe ta tsarin ranarmu, ƙatuwar duniyar iskar gas ce da babu doron ƙasar da za ka taka, sanyinta kuma ya wuce digiri 70 ƙasa da sifili. Waɗancan duwatsun na cikin hoto babu su.

To in ba a ɗauki hotonta ba ta yaya aka san da ita? Kepler ta zuba wa taurari kusan 150,000 ido ne shekara da shekaru tana auna haskensu, idan wata duniya ta gifta gaban tauraro sai hasken ya ɗan dusashe na wasu sa'o'i sannan ya dawo, kamar sauro ya gifta gaban fitilar mota da ke can nesa a cikin dare. In tauraron ɗaya ne abin da sauƙi, dusashewar za ta riƙa dawowa a kan lokaci ɗaya ba sauyi, kwamfuta ta ƙirga ta ce ga duniya. Amma in biyu ne, su kansu taurarin ba a tsaye suke ba, suna ta juyawa suna yi wa juna husufi, duniyar in ta zo giftawa yau ta tarar da tauraron a nan, zagaye na gaba ya matsa can, sai lokacin ya riƙa saɓawa da kwanaki, tsawon dusashewar ma ya canza. Manhajar da aka koya wa neman abu mai maimaita kansa daidai wa daida sai ta wuce shi ta ɗauka tarkace ne.

Wannan shi ne abin da ya fi jan hankalina a lamarin gaba ɗaya. A bazarar 2019 wani ɗan sakandare mai shekara 17, Wolf Cukier, ya je koyon aiki a cibiyar Goddard ta NASA, aka ba shi aikin ya zauna ya riƙa duba jadawalin hawa da saukar hasken taurari ɗaya bayan ɗaya daga na'urar TESS, wadda ta gaji Kepler. A rana ta uku ya ga wata 'yar dusashewa a wani tsari mai taurari biyu, da farko ya zaci husufi ne irin wanda suka saba yi wa juna, amma da ya duba lokacin sai ya ga bai zo daidai ba. Ashe duniya ce ta gifta, ita ce TOI-1338 b, aka sanar da ita a Janairun 2020, tana da nisan tafiyar haske ta kusan shekara 1,300, faɗinta ya kusa ninka na duniyarmu sau bakwai, taurarinta na zagaya juna duk wajen kwana 15 ita kuma tana gifta gabansu tsakanin kwana 93 zuwa 95. Kafin shi ma, a 2012, wasu 'yan sa kai biyu na shirin Planet Hunters sun gano wata daga gidajensu, ita tsarinta ma taurari huɗu ne.

Na san wani zai ce ai sa'a yaron ya taka, kuma gaskiya ne da sa'a a ciki, sannan ba shi kaɗai ya tabbatar ba, ƙwararru sun yi watanni suna lissafi a kai. Amma sa'a ba ta samun wanda bai zauna ya duba ba, kuma a zamanin nan da ake ta ce mana kwamfuta ta gama komai, ya kamata a lura cewa na'urar ta tara bayanan ne kawai, wanda ya ce "wannan bai yi daidai ba" mutum ne.

Akwai kuma wata tambaya da har yanzu ake ja a kai. Jan taurari biyu masu juyawa yana hargitsa duk abin da ya matso kusa, in duniya ta kusance su fiye da ninki biyu zuwa huɗu na tazarar da ke tsakanin taurarin biyu, sannu a hankali za a wurgar da ita waje ko ta afka cikin ɗayansu. Abin mamaki, da yawa daga waɗanda Kepler ta gano suna zaune ne dab da bakin wannan iyaka, Kepler-16b ma haka take. A wurin kuwa da wuya ƙura da duwatsu su samu natsuwar da za su dunƙule su zama duniya, shi ya sa masana da yawa ke ganin can nesa aka haife su, daga baya suka gangaro suka tsaya inda suke.

Cikin duniyoyi sama da 5,000 da aka tabbatar a wajen tsarin ranarmu, waɗanda aka kama suna gifta gaban taurari biyu irin haka goma sha wani abu ne kawai, alhali kusan rabin taurari masu kama da rana suna da abokin zama. Ni ban ɗauka ƙarancinsu ne ya jawo haka ba, na fi zargin wahalar ganinsu. An ma fara bin wata hanyar, a 2022 tawagar Amaury Triaud na Jami'ar Birmingham ta sake tabbatar da Kepler-16b daga nan ƙasa, da wata tsohuwar na'ura mai faɗin santimita 193 a kudancin Faransa, ta hanyar auna yadda nauyin duniyar ke ɗan girgiza taurarinta, a 2023 kuma da wannan dabarar aka gano cewa TOI-1338 b ba ita kaɗai ba ce, tana da 'yar'uwa da ta fi ta nisa da taurarin, wadda TESS ba ta taɓa gani ta gifta ba.