Ina ungulu ta shiga?

Jiya da daddare muna hira da mai ɗakina kan wani ɗan'uwa da ba ya leƙo mu sai in da buƙata, sai na ce ai ungulu ba ta jewar banza. Ƙaramin ɗana da ke gefe ya ɗago kai ya ce, "Baba, mece ce ungulu?" Yaro ɗan shekara tara, haifaffen Kano, bai taɓa ganinta da idonsa ba. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Mu da muka taso, in ka bi ta kwata da hantsi, za ka tarar da su jere a kan katanga da rassan rimi suna jiran abin da mahauta za su zubar. Jaki ya mutu a bayan gari, kafin la'asar sai ƙashi. Ba mai biyansu, ba mai gode musu, sai jifa da zagi. Yau ka je kowace kwata ka ɗaga kai, sai dai ka ga shirwa ko hankaka.

Tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai fafutukar kare halittu a duniya, ta sa ungulun nan tamu ta gida cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Kuma kada wani ya ce to sai me, tsuntsu ne mai wari da sanƙo. Ruwan cikinta yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. In babu ita, mushen nan zai kwana ya wuni yana ruɓewa, ƙuda da ɓera da karnuka su yi ta shagali, ruwan sama ya kwashi ragowar ya kai rafi.

Indiya ta ɗanɗana wannan. A shekarun 1990 masu shanu suka riƙa yi wa dabbobinsu allurar diklofenak, maganin ciwon jikin nan da mu ma muka sani. Ungulun da ta ci mushen saniyar sai ƙodarta ta lalace. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayen ƙasar suka mutu. Karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana amfani da maganin ga dabbobi. Wani bincike da masana tattalin arziki suka fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 cikin shekara biyar.

Mu namu laifin ya fi muni, don su ba da gangan suka yi ba. Mu kuwa farautarta ake yi. Kanta, ƙwanta, gashinta, duk ana sayarwa ga 'yan tsubbu, wai don sa'ar kasuwa ko cin zaɓe ko ganin abin da ke ɓoye. Har daga ƙasashe maƙwabta ake shigo da ita tun da tamu ta yi ƙaranci. Ga masu zuba guba a mushe don kura ko kare, ungulu goma ta faɗi a wuri guda. Ga masu gawayi sun sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Ita kuma ƙwai ɗaya tak take yi a kaka guda, to ta yaya za ta mayar da gurbin waɗanda aka kashe?

Abin da ke ba ni haushi, in ana zancen kare namun daji sai a tafi kan giwayen Yankari, don su ne masu kyan hoto. Ni dai ina roƙon malamanmu su sa wannan a huɗuba, domin mai sayen kan ungulu ya haɗa shirka da ɓarna a ƙasa. Sarakunan pawa ma suna da ta cewa, su suka fi kowa sanin aikin da take yi musu.

Shi kuwa yaron, a waya na nemo masa hotonta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, kamar tsohuwar kaza da aka yi wa aski."