Kwabban Makka da na Nijar da muke jibgewa a gwangwani

Jama'a ina da magana a kan kwabban nan da matafiya ke dawowa da su a ƙasan jaka. Kusan duk gidan da aka taɓa zuwa Hajji ko Umara a ƙauyukanmu, ko ake da mai leƙawa Nijar ta Maigatari ko Babura, in ka bincika sai ka samu wani gwangwanin madara da 'yan sulalla a ciki, ba a kashe ba, ba a zubar ba. 'Yan canji na Wapa takarda suke karɓa, ka kai musu ƙarfe ko kallonka ba za su yi ba, to shi ke nan sai a ajiye har ranar da yara za su gano wajen su watsar a tsakar gida.

Ni dai a ganina a duk tsarabar da Alhaji ke dawowa da ita, in ka cire zamzam da dabino, babu wadda ta kai waɗannan kwabban zama ta can. Carbi da agogo da abin wasan yara yawanci daga Caina aka kai su, irinsu na nan jibge a kasuwannin Kano. Amma halala, wato ƙananan sulallan Saudiyya fa? Canjin da mai shago ya miƙo maka ne a Makka ko Madina da hannunsa, babu inda za ka saya a nan.

Kuma wallahi abubuwa ne masu kyau in mutum ya tsaya ya duba. Waɗanda Saudiyya ta fitar a 2016 akwai riyal 1 da riyal 2 na ƙarfe masu launi biyu, sai halala 50 da 25 da 10 har zuwa 1, ga tambarin dabino da takubba biyu. Wanda ya bi ta Dubai, dirhami ɗaya butar gahawa ce a jikinsa. Na sefa kuma, kuɗin Nijar, mu na bakin iyaka mun fi kowa saninsu, dala, dala biyar, dala ashirin, har dala ɗari mai launi biyu, kuma kuɗin nan ƙasa takwas ke kashe shi, wanda ka karɓa ranar Alhamis a kasuwar Maigatari zai saya maka burodi a Dakar. Na Chadi da Kamaru su ma sefa ne amma daban suke, kar a cakuɗa.

To ya za a yi da su? Wanda na fi so shi ne faifai. Ki samu faifai mai kyau, irin mai rini ja da baƙi, ki jera kwabban suna bin zagayen saƙar, babba a tsakiya ƙanana a gefe, sai ki ɗaure kowanne da zare mai ƙwari, ki soka allura ta baya ki gitta zaren a kan kwabon sau biyu ko uku ki koma baya ki ƙulle, ba gam ba komai, in kin so cirewa wata rana kawai tsinke zaren za ki yi. Ki rataye shi kusa da jerenki, duk wadda ta shigo ɗakin sai ta tambaya. Aikin yammaci ɗaya ne.

Maza kuma ga kafinta nan kusan kowane gari, ya buga maka ɗan firam da ragowar katako, ka shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan kwali, ka manna su da gam ɗin kyandir ɗin nan da ake narkawa, a sa gilashi a rufe. Ban da sufa gulu don Allah, yana barin farin tabo kuma cire shi aiki ne. Sannan in ɗakinka na ƙasa ne kar ka manna firam ɗin da bango, gara ba ta barin kwali, ka sa ƙusa mai tsayi ya ɗan tashi daga jikin katangar. Wanda duk wannan ya yi masa yawa, kwalbar zuma ko ta turare mai faɗin baki ma ta isa, a wanke a shanya a zuba a rufe.

Inda nake da faɗa shi ne masu huda su da ƙusa don a yi sarƙa ko mariƙin makulli. Na san mun gaji abin, kakanninmu mata sun rataya liyari a wuya, 'yan matan Fulani har yau suna jera sulalla a kitso, kuma anini da kobo na zamanin Turawa da hudarsu suka zo, kafin naira ta shigo a 1973. Amma na yanzu da dama ƙarfe ne aka yi wa shafe a sama, kana hudawa damina ɗaya ta isa tsatsa ta kama bakin ramin. Haka gogewa da yashi ko toka, kashe rubutun take yi. Masu ruwan ɗorawa irin dala da dala biyar a ɗan jiƙa su a ruwan tsamiya, a ɗauraye a goge su bushe sarai, sauran ruwa da sabulu ya wadatar. Tsofaffin na kaka kuwa a bar su da baƙinsu.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wajena shi ne rubutu. A bayan faifan ko a ƙasan firam ɗin a rubuta sunan wanda ya yi tafiyar da shekarar da garin, ko da boko ko da ajami. Gidaje nawa ne yau za ka tambayi jikoki wace shekara Alhaji ya sauke farali su hau gardama, wannan ya ce kafin Shagari wancan ya ce bayansa? Shekarar da ke jikin kwabon ba za ta raba gardamar ba, don ta bugawa ce ba ta tafiya ba.

Na san wani zai ce riya ce, mutum ya je ibada ya dawo yana baje koli. Haba malam, mutumin da tun daga filin jirgi aka fara kiransa Alhaji, da haƙorin Makka a baki, halala 25 ce za ta tona shi? Masu gudun hoto a ɗaki kuma maganarsu abin dubawa ce, riyal ɗin ƙarfe akwai fuskar sarki a gefe ɗaya, sai a kifa wannan gefen a bar na lamba a waje.

Kuma a rataye can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, don mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, ga asibiti da nisa.