Bayan an sallami ɗan N-Power, wa ke bin sawunsa?

Duk sanda aka tashi yabon N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, a gida Najeriya, lissafi ɗaya ake kawowa: mutum nawa aka ɗauka. Rukunin farko a 2016 matasa 200,000 ne, na biyu 300,000, ana biyan kowane naira 30,000 a wata, aka rarraba su makarantun firamare, ƙananan asibitoci da aikin malaman gona. Kuɗin sun rufa wa gidaje da yawa asiri, wannan ba abin musu ba ne. Amma a tsakiyar 2020 aka sallami rukunan biyu, kuma shafin NEXIT da aka ce zai haɗa su da rancen Babban Banki sai ƙarshen shekarar aka buɗe shi, bayan mutane sun riga sun koma gida. An tsara ƙofar shiga da kyau, ta fita kuwa sai da aski ya zo gaban goshi aka tuna da ita.

Nan Italiya, yawancin irin waɗannan shirye-shirye da kuɗin ESF, asusun Tarayyar Turai na tallafa wa samar da aiki da horo, ake yin su. Asusun yana nan tun 1957, kuma a zangon 2021 zuwa 2027 an ware masa kusan yuro biliyan 99. Dole kowace ƙasa ta sa aƙalla kashi 25 cikin ɗari na rabonta a kan janyo waɗanda aka bari a baya, irin su naƙasassu, baƙi masu izinin zama da waɗanda suka daɗe ba aiki. Girman kuɗin bai kamata ya ɗauke mana hankali ba, domin arzikin ba ɗaya ba ne. Abin dubawa shi ne yadda kuɗin ke fita.

Ranar da mutum ya shiga horo, cibiyar horon za ta rubuta shekarunsa, iliminsa da tsawon zaman da ya yi ba aiki. Cikin mako huɗu da fitarsa a sake rubuta halin da yake ciki: ya samu aiki, ya koma karatu, ko ya samu takardar shaidar sana'a. Bayan wata shida a sake bincikawa. Ƙasa ko yanki ne ke fara kashe kuɗinsa, sannan ya kai takardu a tantance a mayar masa da kason Tarayyar, wanda yake kaiwa kashi 85 a yankunan da suka fi talauci, kashi 40 a masu hali. Wanda ya sa nasa kuɗin ba ya sakaci da sakamako.

A wannan ɓangaren ne N-Power ta yi rauni. Abuja ce ta riƙa biyan alawus ita kaɗai, alhali ɗaukar malamin firamare aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Gwamna ya samu malamai kyauta na shekaru, ba tare da wata yarjejeniya da ta tilasta masa riƙe ko da kaso kaɗan daga cikinsu ba. Ga shi alawus ɗin bai motsa ba: a 2016 ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 18,000, a 2019 suka yi kunnen doki, kafin a dakatar da shirin a Oktoban 2023 kuwa tsadar rayuwa ta riga ta cinye shi.

Tsarin Turai ma yana da nasa ciwon. A 2013 aka yi wa matasa 'yan ƙasa da shekara 25 alkawarin tayin aiki, horo ko karatu cikin wata huɗu. A 2017 kotun binciken kuɗi ta Tarayyar ta duba ƙasashe bakwai, har da Italiya, ta tarar babu wadda ta cika alkawarin ga kowa. A nan Italiya tayin ya fi karkata ga zaman koyon aiki na 'yan watanni, wasu kamfanoni su sallami wannan su ɗauko wancan, alawus kuma ya yi ta jinkiri. Cibiyoyi sukan zaɓi masu saurin samun aiki don alƙalumansu su yi kyau, a bar wanda ya fi buƙata. Sai dai bayanan da ake tattarawa su ne suka tona wannan asiri.

Najeriya tana da kayan yin haka a hannu. Kowane ɗan N-Power ya ba da lambar BVN da ta waya. Idan aka gwada sunayen da rajistar fansho ta PenCom, za a ga wanda ya shiga aikin albashi. Rajistar CAC za ta nuna wanda ya buɗe kamfani. Mai ɗinki a Kurmi ko mai noman rani a Kadawa ba zai fito a waɗannan rajistoci ba, shi sai an zaɓi wasu dubbai daga kowace jiha an kira su a waya bayan wata shida da bayan shekara, a wallafa sakamakon jiha-jiha. Kuma kada a tura wa jiha sabon rukuni sai ta sa hannu kan yawan waɗanda za ta riƙe da kason alawus da za ta biya.