Ga masu niyyar zuwa Monowi

Baƙi na zuwa kallon Monowi a jihar Nebraska ta Amurka, garin da ƙidayar 2010 ta samu mutum 1 kacal. Layin dogo ne ya kafa shi a 1902, mutanensa sun kai 150 a shekarun 1930, sai injinan noma suka rage buƙatar ma'aikata, matasa suka watse.

Ku cika tanki tun a hanya, babu gidan mai. Don Allah kada ku shiga tsofaffin gidajen katakon da aka bari a garin. Da zarar rufi ya fara yoyo, ruwa da dusar ƙanƙara kan ruɓar da daɓen, ya rufta da mutum. Abin da ya fi cancantar gani shi ne ɗakin karatu mai littattafai kusan 5,000, mabuɗinsa yana gidan abincin garin.