Ni dai bazara na rubuta

Sharaɗin wannan makon a zaurenmu na marubuta waƙa shi ne kowa ya kawo baiti biyu, ƙwar biyu (wato kowane baiti ɗango biyu), a kan zafi. Ba sai na gaya muku yadda Afrilu take a Zariya ba: kafin azahar waya ta nuna 40, ruwan randa ya koma na wankan jego, masu wuta kuma sun ɗauke abinsu. Na rubuta tawa waƙar da ƙarfe 2 na dare a tsakar gida, ina kan tabarma sauro na yi min amshi. Ranar Asabar na ninke takardar na cusa a aljihun gaba, na hau keke daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada. Mu huɗu aka danna a baya. Kafin mu haye gadar Kubanni riga ta manne min a ƙirji.

Kun san dokar zauren: ba ka karanta waƙarka da bakinka, na kusa da kai ake miƙa wa. Na kusa da ni ranar kuwa Sarkin Gyara ne. Ya warware takardar da yatsa biyu kamar ya tsinto ta a kwata. Gumi ya ci tawada, kalmar farko ta baje ta yi reshe. Ya gyara zaman gilashi, ya yi gyaran murya har sau biyu, sannan ya rera, da irin jan muryar nan tasa:

"Bazawara kin hana ni barci,
Dare da rana ina ta ƙunci."

Na ce, "Malam, bazara ce." Ya ɗaga min hannu, wai ba a katse mai karatu. Ya ci gaba:

"Saboda ke na ƙi cin abinci,
Na bar gadona, ki bar zalunci."

Zauren ya yi tsit, sai ƙarar mafici. To Yaya yana nan. Yayan maiɗakina nake nufi, wanda bai taɓa haɗa ɗango ɗaya ba a rayuwarsa, cajin waya kawai ke kawo shi saboda gidan akwai sola. Ya ajiye ledar fiya wota a hankali. Ya dube ni tun daga hula har silifa. Ya ce, "Ka bar gadonka?"

Na ce, "Yaya, zafi ne. Tsakar gida na koma."

"Tsakar gidan wa?"

Nan fa yaran Samarun nan biyu suka kife. Ɗaya har yana dukan bango.

Na miƙe zan karɓi takardata in nuna musu, sai Sarkin Gyara ya ce in zauna a bi abin a ilimance. Ya shiga ƙirga gaɓa da yatsu, a fili, kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. Ɗango na biyu gaɓa 10. Na uku 10. Na huɗu 10. Ya dawo na farko: ba-za-ra-kin-ha-na-ni-bar-ci, 9. Ya sake da bazawara, yatsunsa goma suka cika cif. Ya ce, "Kun gani? Da bazara ɗangon gurgu ne. Da bazawara kari ya zauna daram. Saboda haka ko dai marubucin bai iya awo ba, ko kuma zuciyarsa ce ta faɗi gaskiya. Ya zaɓi ɗaya."

Jama'a, ku duba tsakani da Allah. In na ce bazara, na amsa cewa shekara uku ina zuwa zauren nan ban iya ƙirga goma ba. In na ce bazawara, ga Yaya. Na tsaya baki buɗe, gumi na bin gefen kunnena, na ji kaina ina cewa, "Ai... ana iya jan wasalin." Ya ce a garin da ya haifi Aliyu Namangi ba a jan wasali don a rufe asiri.

Shi wannan Sarkin Gyaran fa, bari in faɗa tunda ya ja. A azumin 2024, da ya faɗo tsakiyar zafin Maris da Afrilu, ya aro fankata mai caji, wai kwana biyu, surukarsa ta zo. Sai bayan Sallah ta dawo, babu murfin gaba, babu caja, tana juyawa tana kuka kamar injin markaɗe. Har yau bai ce min uffan ba. Kuma waƙarsa ta ranar, da ya haɗa "rana" da "kwana" da "magana", sannan ya rasa na huɗu ya sake maido "rana", wa ya tanka? An ce ma sha Allah an wuce. Mutumin da ya taɓa gyara wa mai shayi rubutun allon kanti har aka ƙi sayar masa da burodi. Kuma gilashin nan ni ban yarda na magani ba ne.

Yaya bai ƙara magana ba har aka kira magariba. Da za mu rabu ya ce in gaida gida, ya nanata "gida" ɗin.

Ko da na isa, labari ya riga ni. Maiɗakina ta ajiye min tuwo ta ce, "Ga shi nan, in ka fara cin abincin." Na ce mata tawada ce ta baje. Ta ce ta sani, ai ta ga daftarin farko a bayan katin wuta. Amma dai ta ƙirga ita ma, tara ne.

Mako mai zuwa an ce a kawo a kan ruwan farko. Na sayi biro mai kyau da leda. Hadari dai ya haɗu jiya ta wajen Kwangila, iska ta watsa shi.